Masaƙar Gusau da Ruwan Bakolori: A Ina Zaren Ya Tsinke?

Duk ɗalibin da ya ɗauki taswirar Jihar Zamfara ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Sakkwato, zai ga wurare uku jere da juna waɗanda ya kamata a ce tun tuni sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A Gusau aka kafa masaƙar Zamfara a shekarar 1965. Gaba kaɗan, a Mayanci, Turawa sun gina ma'aikatar gurzar auduga, ban da wadda suka gina a cikin garin Gusau. Idan aka ƙara gaba sai madatsar ruwa ta Bakolori, wadda filayen nomanta suka ratsa ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Watau ga ruwan noma, ga wurin gurza, ga kuma injin kaɗi da saƙa, duka a tsakanin tafiyar da ba ta wuce sa'a biyu a mota ba. Amma duk da haka, mafi yawan atamfar da matan wannan yanki ke ɗaurawa daga ƙasar Sin ake kawo ta, ta biyo ta Kantin Kwari a Kano.

Idan aka tambayi mutane dalili, amsa biyu ake samu: fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai wanda ya fahimci yadda ake yin zare zai gane cewa cutar ta soma ne tun daga gona, shekaru da dama kafin injuna su tsaya. Kuma muddin ba a gane wannan ba, duk kuɗin da za a zuba a kan sababbin injuna zai zama an yi shuka a idon makwarwa.

Yadda gashin auduga ke zama zare

Auduga, wadda mutanen Zamfara da Sakkwato ke kira kaɗa, ba wani abu ba ce illa gashin da ke tsirowa a jikin angurya. Kowane sili guda ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ta miƙe ta yi tsawo. Tsawon silin audugar da aka saba nomawa a Arewa bai cika wuce milimita 25 zuwa 28 ba, watau inci ɗaya ko sama da haka da kaɗan. Lokacin da ƙwallon auduga ya nuna ya fashe, silin yakan bushe ya lotsa, ya zama kamar siririn kirtani mai faɗi wanda ya murɗe. Wannan murɗewa ita ce asirin auduga, domin ita ke sa silin ya kama ɗan'uwansa idan an murza su tare.

To, aikin kaɗi shi ne a ɗauki waɗannan gajerun silin, waɗanda kowannensu bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a jera su su fuskanci waje ɗaya, a ja su su sirance, sannan a murɗa su su zama zare mai tsawon kilomitoci. Ba a sa danƙo, ba a sa ƙulli. Gogayyar silin da juna ce kurum ke riƙe da zaren. A cikin zare matsakaici, idan aka yanka shi aka duba bakinsa da madubin ƙara girma, za a ga silin fiye da ɗari rungume da juna.

Tsofaffin matan Hausawa sun san wannan ilmi sarai, ko da yake ba a aji suka koye shi ba. Sukan gurje auduga da magurji a kan dutse su fid da angurya, su shiɓe ta da bakan shiɓa ta yi laushi, sannan su ɗauki mazari, su shafa alli a yatsa, su yi ta ja suna murzawa. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuma shi ake kai wa masaƙa su yi wadari. Injin zamani bai zo da wata sabuwar hikima ba a nan. Matakan dai su ne: akwai injin da ke warware dam ɗin auduga ya kaɗe ƙura, akwai mai sharce ta ya mai da ita doguwar igiya mai taushi, akwai mai haɗa igiyoyin ya ja su su daidaita, sannan injin kaɗi ya murɗa. Abin da ya bambanta su shi ne sauri. Mazarin inji yakan juya sau 15,000 ko fiye a minti ɗaya, kuma masana'anta guda takan jera dubban irinsa suna juyi a lokaci guda.

A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya lura da kyau. Tsohuwa mai kaɗi tana da ido da yatsa. Idan ta ci karo da haki ko tsakuwa sai ta cire, idan silin ya gajarta sai ta sassauta ja. Inji ba shi da ido. An saita tazarar da ke tsakanin na'urorinsa masu jan auduga bisa wani tsawon sili da aka ƙayyade. Idan aka ba shi auduga gauraye, wata doguwa wata gajera, sai gajerar ta kuɓuce ta taru wuri ɗaya, zaren ya yi kauri a nan ya sirance a can, ya yi ta tsinkewa. Kowace tsinkewa kuwa hasarar lokaci ce da kuɗi, domin sai ma'aikaci ya zo ya haɗa da hannu.

Masu sana'ar suna auna sirantar zare da lamba. A tsarin Ingila, lambar zare ita ce yawan ƙullin zare mai tsawon yadi 840 da za su cika nauyin laba ɗaya. Zare mai lamba 20, alal misali, kilo ɗaya nasa ya kai kimanin kilomita 34, mai lamba 40 kuwa ya ninka haka. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon laushin yadin da tsadarsa, kuma gwargwadon bukatar sili mai tsawo. Saboda haka manomi ne, da irin da ya shuka, yake yanke hukuncin irin zaren da masana'anta za ta iya yi, tun kafin audugar ta bar gona.

Daga Kano zuwa Kaduna, daga Kaduna zuwa Gusau

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Dukan zaren da ya ɗauki nauyin wannan kasuwa da mazari aka kaɗa shi, a cikin gidaje, da hannun mata. Su ne masana'antar zare ta farko a wannan ƙasa, ko da yake littattafan tarihi sun fi ambaton fatake da marina.

Turawan Ingila sun zo da wata manufa dabam. Masaƙun Lankasha na bukatar auduga, don haka a 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka fi sani da BCGA. Ita ce ta gina ma'aikatun gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau da sauransu. A 1912 aka shigo da irin nan na Amurka mai suna Allen, wanda silinsa ya fi na gida tsawo. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Tun daga nan hanyar auduga ta zama ɗaya: daga gona zuwa gurza, daga gurza zuwa tasha, daga tasha zuwa Ikko, sai Ingila. A can a kaɗa ta, a saƙa, a dawo da ita a sayar wa wanda ya noma ta.

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta fara juya akalar wannan ciniki. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, watau KTL, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Wasu suka biyo baya a unguwar Kakuri: Nortex, da Arewa Textiles ta mutanen Japan, da United Nigerian Textiles, watau UNTL, wadda attajirin nan na Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa. A cikin wannan guguwa ce aka kafa Zamfara Textile Industries a Gusau, kuma hikimar zaɓen wurin a fili take: an kai inji inda auduga take, kusa da wurin gurza, kusa da layin dogo.

Daga baya masaƙar ta shiga rukunin kamfanonin UNTL, tare da masaƙar Funtuwa da Unitex da Supertex na Kaduna. Wannan ya ba ta abin da ƙaramar masana'anta ke rasawa, watau tabbataccen mai saye, domin rukunin yana da inda ake buga wa farin yadi zane ya zama atamfa. Ta ɗauki dubban ma'aikata, ana aiki dare da rana, wasu na tashi wasu na kamawa. 'Ya'yan manoma daga ƙauyukan Zamfara suka koyi gyaran inji da aikin lantarki. Masu gidajen haya da masu abinci da masu keke duk suka ci albarkacinta. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, masaƙu ne ke kan gaba wajen ɗaukar ma'aikata a tsakanin masana'antun Nijeriya.

Akwai wata wahala ta musamman da masaƙun Arewa suka yi fama da ita wadda ɗaliban kimiyya za su so sani. Auduga na son laima. Idan iska ta bushe, silin yakan yi tsauri ya karye, ga kuma wutar nan ta gogayya da ke sa shi tashi ya manne a jikin ƙarfe. Ɗakin kaɗi yana bukatar laimar iska wajen kashi 50 cikin 100 ko sama, alhali a lokacin hunturu laimar iskar Gusau kan faɗi ƙasa da kashi 20. Dole ne a yi ta fesa ruwa a cikin iskar ɗakin da na'ura, na'urar kuwa wuta take ci. Abin da Allah ya ba mutanen Lankasha kyauta, a Gusau sai an saya.

Shekarar 1986

Abin da ya riƙe masaƙun nan a shekarunsu na ƙarfi wani tsari ne wanda ba a cika ganinsa ba. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su ne ke tace iri. Ana yawaita shi a gonar Daudawa da kewayenta, sannan a raba wa manoma kyauta, kowane yanki da irin da ya dace da shi. Ba a sayar da auduga sai a kasuwannin da hukuma ta amince da su, inda malamin auduga zai duba ya ba ta daraja, ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, kowace da farashinta. Bayan an gama tsinka, doka ce a tuge karan a ƙone, don tsutsar ƙwallon auduga ta rasa mafaka kafin wata damina.

Ba za a ce tsarin ba shi da aibi ba. Hukumar ciniki ta daɗe tana biyan manomi kuɗin da bai kai darajar amfaninsa a kasuwar duniya ba, rarar kuwa ta tafi wasu hidimomin gwamnati. Manoma da yawa sun bar auduga tun a shekarun 1970 saboda wannan. Gyara tsarin ke bukata. Amma a 1986, ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, sai aka rushe hukumar auduga baki ɗaya tare da sauran hukumomin ciniki, ba a ɗora wa kowa ayyukanta ba. An jefar da jariri tare da ruwan wanka, in ji wasu. Gaskiyar magana ita ce an rushe rumbu don a kori ɓera.

Sakamakon bai bayyana a rana ɗaya ba. Iri ya gauraye, domin kowace ma'aikatar gurza na sayen auduga daga ko'ina, ta sayar da anguryar ga kowa, har da wadda ta dace a kai wa masu tatsar mai. 'Yan baranda suka shiga ƙauyuka suna saye da nauyi kawai, ba ruwansu da daraja. Da manomi ya ga tsabta ba ta ƙara masa ko kwabo, sai wasu suka koma yayyafa ruwa da zuba yashi. Mafi muni shi ne buhun roba. A da a cikin ƙyalle ko buhun rama ake zuba auduga. Da buhun taki na roba ya yawaita, sai ya zama shi ne mazubi. Silin roba guda ɗaya idan ya shiga injin gurza yakan dagargaje ya bazu cikin dam, ya bi auduga har cikin zare. Fari ne, ba a ganinsa. Sai ranar da aka kai yadin rini, sannan ya fito fili, domin roba ba ta shan rinin auduga. Wannan ne ya zubar da mutuncin audugar Nijeriya a idon masu saye na gida da na waje.

Saboda haka, lokacin da sauran masifu suka iso, sun tarar da masaƙun a raunane. An ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, alhali ɗaukewar wuta ta minti ɗaya kan tsinka zare a kan dubban mazarai. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya, saboda yawan tsayawar matatar mai ta Kaduna. KTL ta rufe a 2002. Masaƙar Gusau ta sallami ma'aikatanta a farkon shekarun 2000. A 2005 aka soke yarjejeniyar da ta taƙaita cinikin tufafi tsakanin ƙasashe, kayan Sin suka malalo, UNTL ta Kaduna ma ta tsaya a 2007. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu wajen 2010 don farfaɗo da sashen, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin musaya na hukuma. Babu ɗaya daga ciki da ya mai da Kakuri yadda take a da.

Ina Bakolori a cikin wannan labari?

Abin mamaki shi ne ba ta ciki, kuma wannan shi ne babban kuskuren. An kammala madatsar a 1978 a kan gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, tafkinta na iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, kuma an tsara ta shayar da kadada wajen 23,000. An haɗa mata ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3. Mutanen yankin sun biya farashinta da tsada: an tashi garuruwa, an karɓe gonaki, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suka dogara da ita, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Wanda duk zai zo wa waɗannan mutane da wani sabon shiri, wajibi ne ya tuna da wannan, ya zo da shawara da farashi a hannu, domin sun riga sun ga abin da umurni daga sama ke haifarwa.

Masu tsara aikin sun fi mai da hankali ga abinci, musamman alkama da shinkafa. Hukumar kogunan Sakkwato da Rima na gefe guda, hukumar auduga na wani gefen, masu masaƙa kuma na nasu. Kowa na kiwon da ya karɓe shi.

Kada a fahimci cewa ana kira ne a tuge shinkafar Bakolori a shuka auduga. Wannan wauta ce. Shinkafa da albasa da dankali sun fi kawo wa manomin rani kuɗi da wuri. Ban da haka, auduga ba ta son sanyin hunturu, kuma noma ta a cikin rani zai ba tsutsa abinci shekara zagaye, ya rushe hikimar nan ta ƙone kara. Sudan ta gina arzikinta na auduga a kan ruwan madatsar Sennar tun 1925, a filayen Jazira, amma yanayinta da girman kogin Nilu dabam ne da na Zamfara.

Amfanin ruwan Bakolori ga auduga yana wani wuri ne ƙarami, amma mai nauyi. Binciken Samaru ya daɗe da nuna cewa audugar da aka shuka a tsakiyar watan Yuni ta fi wadda aka shuka a ƙarshen Yuli yawa nesa ba kusa ba. Manomi bai jahilci haka ba. Yana jinkiri ne domin dole ya fara da gero da dawa, abin da iyalinsa za su ci, ga kuma ruwan sama da ba shi da tabbas a farkon damina. Sai auduga ta zo a makare, damina ta ɗauke tana cikin fure, silin ya fito gajere bai ƙosa ba. A filin da ke da magudanar ruwa ana iya shuka da wuri ba tare da jiran hadari ba, a kuma ba da ruwa sau biyu ko uku a watan Oktoba idan sama ta ɗauke. Wannan kaɗai ya isa ya ba da sili mai tsawo iri ɗaya, da angurya mai ƙoshi.

Ke nan 'yan kadada ɗari kaɗan a Bakolori za su iya zama abin da Daudawa ta kasance a da, watau gonar yawaita tsabtataccen iri ga manoman damina na Zamfara baki ɗaya. Irin yana nan: Samaru ta fitar da jerin SAMCOT, a 2018 kuma gwamnati ta amince da irin da aka sa wa kariya daga tsutsa. An kuma gyara wani ɓangare na magudanan Bakolori ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya wanda aka amince da shi a 2014. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar gurza guda da za ta keɓe wannan auduga kada ta gauraya, da mai saye da zai raba buhun ƙyalle ya kuma biya ƙarin kuɗi a kan tsabta.

Mai sayen nan kuwa bai kamata ya zama katafariyar masaƙa irin ta da ba. Masana'antar kaɗi zalla ta fi sauƙin kafawa: ba ta bukatar tukunyar rini, ba ta zubar da gurɓataccen ruwa, kuma zare kaya ne da ke da kasuwa ko'ina, daga masu saƙar hannu da masu ɗinkin hula har masaƙun ƙasashen waje. Atamfa tana gogayya ne da zane da yayi da ɗan fasa-ƙwauri. Zare kuwa lambarsa da ƙarfinsa kurum ake dubawa, abubuwan da ake aunawa a ɗakin gwaji.

Akwai wanda zai ce duk wannan mafarki ne, tunda tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, har manoma da dama suka bar gonakinsu a Maradun da maƙwabtanta. Wannan magana ce mai nauyi, kuma babu mai zuba jari a inda ba a iya zuwa gona. Sai dai yawaita iri aiki ne na shekaru: daga ɗan abin da masani ya fitar a Samaru zuwa abin da zai wadaci jiha guda, sai an shuka an sake shukawa damina uku ko huɗu. Idan aka jira sai ƙura ta lafa sannan a fara, manoman da za su koma gona za su tarar da gaurayen angurya ɗin nan dai a kasuwar Talata Mafara. Filayen da ke kusa da gari da babbar hanya, inda har yanzu ake noman shinkafa, sun isa a soma da su.

Makarantun sakandare na yankin ma suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba. Malamin aikin gona na iya sa ɗalibai su karɓo auduga daga gonaki biyar dabam-dabam, su taje silin a kan baƙin allo, su auna tsawonsa da rula, su kuma auna nauyin audugar kafin cire angurya da bayan an cire. Daga kilo 100 na auduga mai angurya, abin da ake sa ran samu na tsantsar sili shi ne kilo 35 zuwa 40. Ajin da ya sami ƙasa da haka, ko ya ga silin gona guda ya bambanta da juna ƙwarai, to ya kai sakamakonsa ga malamin gona na ƙaramar hukuma, tare da sunan kasuwar da aka sayo irin.